Yayen Sadik Bai Tafi Yadda Na Ce Miki Ba

Zuwa ga 'yata Rukayya, a ƙasar Ireland.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki, ina so in sanar da ke halin da gida yake ciki.

Babanku ya yi waya daga Kano shekaranjiya, lafiyarsa ƙalau, sai idon nan na hagu da yake ta zubar da ruwa. Ƙanwarki Hafsa ta gama jarrabawa. Maƙwabciyarku Maman Ilham ta hawa na shida tana lafiya ita da yaranta, mijinta ne yake fama da mura. Kifayen mijinki Malam na cikin gilashi, huɗu suna nan suna yawonsu, jan nan ya mutu ranar Juma'a, kuma ba yunwa ce ta kashe shi ba, na ba su abinci yadda aka nuna mini. Ni gwiwa ce kawai, ita ma na saba da ita. Wanda ba shi da lafiya shi ne ɗanki Sadik.

Na san mutane za su karanta wannan takarda, tunda a shafinki nake rubuta ta, ƙarƙashin hotunanki. Su yi haƙuri da rubutuna, da furfura a kaina na shiga ajin manya na koya. A nan ɗin ne kwana takwas a jere nake rubuta miki "Muna lafiya lau, ku sha yawonku." Tunda a gaban jama'a na faɗi abin da ba haka yake ba, a gabansu ya kamata in gyara.

Laifin ba naki ba ne, kuma ina so masu karatu su san haka. Da Malam ya samu gayyatar taron malaman jami'a a Dublin, ya ce zai tafi da ke ku ƙara kwanaki ku ga gari, ke cewa kika yi ba za ki ba, yaro bai bar nono ba. Ni na ce ai faɗuwa ta zo daidai, lokacin yayensa ya yi. A gida yaro ake ɗauka a kai wa kaka. Tunda ku kuna Kuala Lumpur, sai aka ɗauko kakar aka kawo wa yaro. Ni na kafa miki doka: ki rufe layinki na nan, kada ki kira, kada ya ji muryarki, kada ya ga fuskarki har sati biyu su cika. Kika tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu kina cewa, "Umma, ko sau ɗaya a rana?" Na ce ko sau ɗaya, yara shida na yaye, ba ke za ki koya mini ba. Kin bi maganata. Kullum ke mai bin maganata ce, abin da ya fi damuna ke nan yau.

Hotunanki duk na gani. Na ga kogin da ya ratsa tsakiyar Dublin, kina tsaye a kan farar gada iska tana neman raba ki da mayafi. Na ga gidajen nan masu ƙofofi kala-kala, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, kamar an aika yara su zaɓi fenti. Na ga dogon ɗakin littattafan da kika ce Malam ya ƙi fita daga ciki sai da mai gadi ya yi masa magana. Wannan ban yi mamaki ba. Kika rubuta cewa wai lokacin zafinsu ne, amma riga uku kika saka, kuma ruwa ya dake ku sau huɗu kafin azahar. Na yi dariya ni kaɗai a falo.

Da kuka fita ƙauye kuma, na ga ƙasar kore shar har inda ido ya tsaya, an yanka ta gona-gona da katangar duwatsu ba siminti. Na ga tumaki an shafa musu shuɗi a gadon baya, ba makiyayi ba kare. Na daɗe ina kallonsu ina tunanin wa yake mayar da su gida. Hoton da kika ɗauka a bakin dogon dutsen nan da teku take dukansa daga ƙasa, shi ne ban so ba. Kin matsa baki da yawa. Amma kina dariya a ciki, irin dariyar da rabona da ganinta a fuskarki tun kafin ki haihu. Saboda wannan dariyar na ƙara kwana biyu ina rubuta miki lafiya lau.

Ga gaskiyar abin da ake ciki.

Ranar farko ya yi kuka, ban damu ba, kowane yaro yana yi. Na ba shi rubutun da na taho da shi daga wurin malamin unguwarmu, ya sha kaɗan. Na dama masa kunun gyaɗa, ya kawar da kai. Na yi koko da geron da na ɗauko tun daga gida, ya ture kofin. Na ce masa, "Haba maigida, amarya ta ƙetaro teku ta yi maka girki ka ƙi ci? To sake ni in koma gidanmu." Da can idan na yi masa wannan tsiyar dariya yake yi har ya faɗi. Ranar ko kallona bai yi ba.

Kalma biyu yake ta maimaitawa, "susu" da "tak nak". Sai da Maman Ilham ta zo ta gaya mini ta farkon madara ce da yaren mutanen nan, ta biyun kuma tana nufin "ba na so". Jikana yana gaya mini ciwonsa, sai an nemo mini tafinta.

Rana ta huɗu na yi kuskure. Ina zaune ina duba hotonki na kan gada, ban san ya zo bayana ba. Ya fizge wayar ya manna ta a bakinsa. Da hasken ya ɗauke, ya juya ta yana leƙa bayanta yana nemanki. Tun daga ranar ya daina kuka. Ya ɗauko silifas ɗinki na banɗaki ya kai bakin ƙofa, ya zauna kusa da su. A nan yake wuni. Ruwa yana sha, wani lokacin ya karɓi rabin ayaba ya riƙe har ta yi baƙi a hannunsa. Maman Ilham ta yo masa tapau, wato ƙunshin faten shinkafa mai kaza, daga shagon abincin ƙasa da kuke kira kedai, wanda ta ce kina saya masa yana cinyewa. Cokali biyu ya karɓa. Kukan ya fi mini sauƙi, Rukayya. Shirun nan ne ba na so.

A gida da na san abin yi. Da na goya shi na fita tsakar gida, ya ga kaji, ya ga yaran maƙwabta suna cin ɗanwake a kwano ɗaya, ya sa hannu don kada a bar shi a baya. Haka ake yaye, cikin mutane ake yi. Ban yi wannan tunanin ba lokacin da nake cika miki baki. Nan hawa na goma sha bakwai ne. Ƙofa ƙarfe, taga ƙarfe. Katin lif ɗin da kuka bar mini hawanmu kawai ya sani da ƙasa, ko wurin Maman Ilham ba ya kai ni, ita ma nata ba ya kawo ta. Idan za ta zo sai na sauka ƙasa na ɗauko ta, alhali hawa goma sha ɗaya ne tsakaninmu. Na gwada matakala sau ɗaya da shi a baya, a hawa na sha huɗu gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, na zauna a kan siminti har na samu ƙarfin komawa.

Na sauka da shi filin wasan yara sau biyu. Matan wurin suna da kirki, suna yi mini murmushi suna magana, ni ma ina murmushi, shi ke nan hirar ta ƙare. Kafin a jima hadari ya haɗu, tsawa ta fara, kowa ya kwashi nasa. Kullum bayan azahar sai an yi wannan ruwan. Sai mu dawo sama, shi a bakin ƙofa, ni a bakin taga ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ta unguwar Pantai Dalam cike da mutanen da suka san inda za su. Ke kina ƙasar da ba a ganin ƙarshen fili, ni taku tara ne daga kicin zuwa taga, na ƙirga.

Jiya Litinin na ga idonsa ya faɗa, wandon da yake kama shi yana zamewa. Na kira Maman Ilham, ta bar girkinta ta kai mu asibitin unguwa. Likitar mace ce, ta duba shi da kyau, ta ɗora shi a sikeli. Ta ce ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, amma ya rame kuma ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Ta ba mu garin da ake kaɗawa a ruwa, yana ɗan sha. Ta ce mu dawo ranar Alhamis da safe. Idan bai fara ci ba za ta tura mu babban asibiti a kwantar da shi a ƙara masa ruwa, kuma can za su nemi takardunsa da amincewar uwa ko uba. Takardun suna cikin durowar Malam, makullin yana tare da shi. Sannan ta tambayi inda uwarsa take. Maman Ilham ta ba ta amsa da Turanci, ban ji me ta ce ba, na dai ga likitar ta dube ni. Ba kallon raini ba ne. Ni ce na kasa ɗaga kai.

Lambar Malam ta can tana rubuce a jikin firij. Kin san tunda ya aure ki ban taɓa kiransa a waya ba, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Sau biyu na danna lambar na kashe kafin ta shiga. Na uku na daure na bar ta, aka ce ba a samunsa. Mijin Maman Ilham ma ya gwada ya tura saƙo, har yanzu bai isa ba. Ya ce wataƙila ƙauyen da kuke ne ba sabis, sai kun koma masauki.

Akwai maganar da ban taɓa yi miki ba. Kin san kina da wa da ya rasu kafin a haife ki, an ce miki ƙyanda ce. Ba ƙyanda ba ce. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau zan rubuta shi: Yusuf. Yana da shekara biyu ba wata uku aka ɗauke shi aka kai wa mahaifiyata a ƙauye. Aka ce kada in je. Duk wanda ya shigo birni daga can na tare shi, amsar ɗaya ce, "Lafiya lau, har ya manta da ke." Ina jin haka ina murna ina jin haushi. Na saya masa 'yar hula ina jiran ranar ɗauko shi. Rana ta goma sha ɗaya kawuna ya zo da kansa, ya zauna a zaure ya ƙi shigowa.

Kwanan yaron ne ya ƙare, na yarda da wannan. Amma shekara talatin da wani abu ina riƙe da mahaifiyata a zuciya, har ta koma ga Allah, ina cewa me ya hana ta aiko mini da gaskiya. Sai a satin nan na gane. Ba mugunta ba ce. Kullum tana cewa gobe zai ci, kuma tana jin nauyin a ce ita da ta raini tara ta kasa da ɗaya. Na san haka ne domin abin da nake gaya wa kaina ke nan kowace safiya kafin in rubuta miki lafiya lau. Allah ya jiƙanta, na yafe mata jiya a kan kujerar asibiti.

Saboda haka na janye dokata. Ki buɗe layinki. Ki kira da hoto, ya gan ki, ya ji muryarki, ki ce masa ya ci. Idan yayen ya lalace, ya lalace, a sake wani lokacin kina kusa. Ki gaya wa Malam ina gaishe shi, ina ba shi haƙuri, ya faɗa mana yadda za a buɗe durowar, ko a fasa ta idan ya yarda. Ya kuma rubuto abin da asibiti za su nema. Maganar ku katse tafiya ku dawo kafin Lahadi, wannan tsakaninki da mijinki ne. Na san shekara nawa kika yi ba ki huta ba, ba zan ce miki komai a kai ba. Na riga na yanke miki hukunci sau ɗaya, ga inda ya kai mu.

Duk wanda ya karanta wannan kuma yana da hanyar samun su, don Allah ya sanar da su. Ba sai an yi mini faɗa a ƙasan rubutun ba, na yi wa kaina.

Allah ya ba Sadik lafiya, ya buɗe masa ciki, ya raya mana shi. Allah ya tsare ku a kan waɗannan siraran hanyoyin, ya dawo da ku lafiya. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, yadda kika bi ni ko da ban yi daidai ba.

Yau Talata. Ina roƙonki amsa kafin Alhamis, kuma ki tuna Alhamis ɗinmu tana riga taku zuwa da awa bakwai, idan kika jira safiyarku mu mun riga mun tafi asibiti. Wayar tana jikin caji, na ƙure mata ƙara. Ko ina salla ta yi ringin, zan sallame in kai masa.

Ni ce mahaifiyarki,
Umma