Dakan da ake ji a gidan kakanmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, a kan mahaifiyata ne.

Ranar Laraba ce ta makon jiya, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, mu uku muka shiga tsohon gidan kakanmu da ke wani ƙauye a bayan Gidan Amumune: ni, da ƙanen mahaifiyata Kawu Sale, da limamin garin. Ni ma'aikacin wani gidan rediyo ne a Tasawa, aikina ɗaukar murya da tace ta, don haka na tafi da na'urata.

Gidan na ƙasa ne, babba, ya rage shi kaɗai a gefe tun da mutane suka matsa kusa da sabuwar rijiya. Wadda ta zauna cikinsa ta ƙarshe ita ce Inna Hassana, su tagwaye ne da mahaifiyata, ta rasu a daminar bara, aka ja ƙyaure aka sa kwaɗo. Da kaka ta shigo sai masu wucewa gona suka fara cewa suna jin daka a ciki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar. Mata suka daina bin hanyar. Ɗan kabu-kabun da ya kai ni ma nesa ya tsaya, ya ce ko tanki zan cika masa da esansi ba ya ƙarasawa.

Na je ne da niyyar ƙaryata zancen. Na leƙa ɗakuna da rumbu, na duba ko akwai ƙyauren da iska ke bugawa, babu. Turmin yana tsakar gida a kife, gara ta ci gefensa, babu taɓarya, babu sawun mutum ko na dabba sai namu. Kawu ya yi dariya ya ce, "To ɗan boko, sai ka je ka faɗi a rediyonku cewa mutanen garinmu matsorata ne." Bai rufe baki ba muka ji shi. Bugu ɗaya, sai shiru, sai wani bugun.

Abin da zan iya ba da shaida a kai shi ne wannan. Turmin bai motsa ba. Sautin a tafin ƙafata nake jin sa kafin ya iso kunne. Na fita bayan katanga ko daga wata ruga yake zuwa, a waje ya ragu, da na dawo ciki ya ƙaru, kuma injin niƙan garin ba ya aiki ranar. Liman ya kama karatu, Kawu kuwa ban san lokacin da ya fice ba. Na ɗauki sautin da na'urata. Da aka kira la'asar ya tsaya.

Mahaifiyata, da muke kira Iya, a wurina take zaune a Tasawa, kuma ban gaya mata inda na je ba. A wurin aiki na saurari abin da kyau, na lura shirun da ke tsakanin bugun ya fi na mai daka ita kaɗai tsawo, ban san ma'anar hakan ba. Ranar Juma'a ina kunna wa matata a ɗaki, ashe Iya tana tsakar gida tana gyaran zogale. Sai ga ta a bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa zuwa ƙofar ɗakina ba, ta ce, "Kai wanga, sake sa shi." Ni ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunana. Na sake kunnawa. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙyaure, duk inda shirun ya faɗo sai ta buga. Nan take sautin ya cika, ya koma luguden mata biyu a turmi guda. 

Ta ce, "Hassana ce. Tun muna ƴan mata turmi guda muke shiga, ta buga in buga. Ko da aure ya raba mu, in tana daka haka take yi, sai ta bar mini wurina." Na kira Kawu a waya, ya ce gaskiya ne, har tsiya suke yi wa marigayiyar saboda dakanta ba ya sauri.

Tun ranar Iya ba ta da magana sai a kai ta gidan ta amsa wa ƴar'uwarta. Fura kaɗai take kurɓa. Na kai ta likita, an ce ba a ga komai ba. Gida ya rabu. Liman ya ce mamaci ba ya dawowa, aljani ne ke kwaikwayo, kada a kuskura a amsa masa. Matata ta ce a kai ta tare da malamai hankalinta ya kwanta. Ƙanwata da ke aure a Mayahi ta kira ni tana kuka, ta ce in wani abu ya sami Iya ni na jawo da na'urata. Kawu ya ce in goge sautin in ce mata iska ce, amma ita ta riga ta ji, ni ma na ji.

Na san ajali na Allah ne. Amma zuciyata ta kasa daina gaya mini cewa in Iya ta cike wannan shirun a cikin gidan, ba tare zan dawo da ita ba. In kuma na hana ta, ga ta tana ramewa a gabana, ta kuma ce in ban kai ta ba ta san hanyar tasha.

Jama'a, in kai ta ko in hana ta? Wanda ya taɓa ganin irin wannan, ko yake da ilimin abin, ya taimake ni, lokaci ya ƙure mini.

Yau da safe na tarar ta wanke taɓaryarta ta jingine a bakin zaure. Da na zo fita aiki ta kira ni da sunana, ta ce in dawo da wuri.