Baba, Famfon!

Daren Laraba, Fakuwa

Yau Baba ya katse mini karatun littafin soyayya, wai in ɗauki muryarshi in tura guruf ɗin mazaɓarmu, don kansila ya ji famfonmu ya lalace. Sai da ya sa babbar riga, har da turare! Na ce, "Baba, ba fa ganinka zai yi ba." Ya ce, "Ke dai danna, Uwata."

Ya yi ta gaisuwa, ya tambayi iyali da damina, sai ya kama sallama. Ban san sanda na ce, "Baba, famfon!" ba. Haka saƙon ya tafi.

Kansila ya amsa, "A gaya wa yarinyar da ta ce famfo mun ji, za a turo mai gyara."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu! Baba kuwa sai sake kunnawa yake, yana murmushi.