Sunan da Tempie Za Ta Zo Nema

Mama Keziah, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Tun da aka 'yanta mu daga bauta nake amsa Tolliver, sunan mutumin da ya mallake mu. Ɗana Lemuel ya dawo daga soja, ya ce lallai mu yar da shi mu ɗauki na kakansa, Cuffee. Ban ga laifinsa ba. Ran Asabar a kasuwa matar Tolliver, wadda yanzu ƙwai take sayarwa kusa da ni, ta yi murmushi ta ce ai har gobe mu nasu ne, tunda sunansu muke amsawa. Ran nan Lemuel ko abinci bai taɓa ba.

Amma ina da 'ya, Tempie. Tana ƙarama aka sayar da ita can yamma, ko famfara ba ta gama ba. Abin da ta sani kawai, uwarta ta gidan Tolliver ce. Wani lokaci ina cikin tsinkar auduga sai in ga kamar ga ta nan tafe a bakin kogi, doguwar mace da farin ɗankwali, tana tsayar da masu kwalekwale tana tambaya. Fuskar ce ban taɓa gani ba, kullum rana na bayanta. In na canza suna, wa zai nuna mata ƙofata?

Uwa Mai Jira, jihar Georgia

'Yar'uwa,

Lemuel yana da gaskiya, amma gaskiya ba ta ba ɗa izinin yi wa uwarsa umarni ba. Ki ce ni na faɗa. Ya yi yaƙi, ya isa ya ɗauki sunan kakansa, 'ya'yansa su tashi da shi. Ke kuwa ki riƙe sunan Tolliver. Mai jiran baƙo ba ya tuge alamar hanya don ya tsani wanda ya kafa ta.

Sai dai ki rage mafarki a gona, mafarki ba ya kai saƙo. Ki sa fastonku ya aika cigiya coci-coci, ki kuma gaya wa masu jirgin ruwa da ke zuwa yamma. Matar Tolliver kuma, ki haɗiye fushinki ki gaishe ta. Ta san wanda ya sayi yarinyar, ko ta san wanda ya sani. Ki sayi ƙwanta in ta kama, amma kada ki tashi sai ta faɗa.

Ran da Tempie ta yi sallama a ƙofarki, sunan ya gama aikinsa, ki yar da shi. Allah ya kawo miki ita kina da rai.

Mama Keziah