Dukan Bakin Rijiya

Zuwa ga Hajiya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da ɗanki likita da jikoki a garin Clinton. Na iso Washington. Wata jami'a a nan ta gyara tsohon fim ɗinmu na zamanin majigi, za a haska ranar Asabar, a karrama ni a matsayin wanda ya shirya shi. Suna so ki hau dandamali, tunda ke ce tauraruwar. Na kira waya, an ce ba kya ɗauka.

Alfarma ɗaya nake nema: in an tambaye ki dukan bakin rijiya, ki ce wasa ne.

Naki,
Alhaji Maitama

Alhaji Maitama,

Wa alaikumus salam, gida lafiya lau. Waya kuwa, da wane kunnen zan ɗauka? Na hagu a bakin rijiyar nan ya mutu.

Wasa, ko? Ka ce fim tsada gare shi, ɗauka ɗaya za a yi, ba maimaici. Ka ja wanda ya fito a mijina gefe, ka ce ya zabga mini igiyar guga da gaske, kada a faɗa mini, don tsoron ya fito sosai. Jiƙaƙƙiyar igiya fa, Maitama. Ya yi ta tafka mini har ƙarfen gugan ya fasa mini kunne, haƙorana biyu suka zube, jini ya cika mini baki, kai kana bayan na'ura kana yi masa hannu ya ƙara. Aka yi ta tafi a sinima wai na iya kuka. Daga ranar na daina jin maganar abokin wasa, sana'ata ta mutu ina da ƙuruciyata. Har gobe raina a ɓace yake.

Ka huta lafiya,
Tayyiba

Hajiya,

Barka da war haka. Wanda ya doke ki ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Kuma da wannan fim duniya ta san ki. Na tsufa, jikokina za su zo daga garin Largo, sunan nan shi kaɗai ya rage mini. Don girman Allah ki rufa mini asiri.

Naki,
Maitama

Alhaji,

Ina gaisuwa. Ka haɗa ni da Allah, na kuwa yi shiru jiya a wajen haska fim ɗin, kai shaida ne. Wata yarinya ce cikin 'yan kallo, Najiba, haihuwar ƙasar nan, ta miƙe ta tambaya da Turanci: mijin fim sunansa Zulkifilu, to me ya sa matar take ihu tana cewa "Maitama, ka hana shi"? Shekara hamsin ana kallo, ba wanda ya taɓa tambaya. Ni dai na juya na dube ka, jikokinka ma suka dube ka.

Ban ji tausayinka ba.

Allah ya kai ka gida lafiya.
Tayyiba