Keken da Ya Ƙi Tsayawa

Talata, bayan isha'i, Rimin Gado

Yau ma ban je gona ba. Tunda ciwon baya ya hana ni zama a kan sirdin keken da nake zuwa gona da shi, Malam Sani mai walda ya haɗa mini keke mai kujera, wanda ake tuƙawa a kishingiɗe. Kayan da za a sa masa ne suka gagare mu. Kaca uku muka haɗa kafin ta kai tayar baya. Hannun feda ya yi tsawo, duk juyi sai gwiwata ta nemi ƙirjina. Na ce a sa ƙaramar taya a gaba, ya ce yashi zai riƙe ta, muka wuni muna musu.

Da la'asar na gwada shi a gangare. Na matsa birki, bai kama ba, sai ga ni cikin gyaɗar maƙwabci.

Malam Sani ya ɗaga ni, ya ce, "Alhaji, ka haƙura, ka ba da aron gonar bana."

Raina ya ɓaci. Ciyawa ta kusa rufe gerona, kuma tun rasuwar Baba hannun wani bai taɓa nome wurin nan ba. Gobe zan shiga Kano neman birkin kirki, ko da ɗaukata za a yi a sa a mota.