Kwano Goma Sha Biyu a Ngazija

Lyon, ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata Suhaila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji Sa'ad da yara da jikoki da duk mutanen gida a Damagaram. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, kuma ki daina ajiye magani da zarar kin ji dama-dama, na san halinki. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Maigida Malam Nouhou yana can Stains, gefen Paris, yana fama da aikinsa na kasuwar Rungis, ya ce a gaishe ki. Ni kuwa sati biyu ke nan ina Lyon wurin jegon ƴarmu Ruwaida. Mai jego ta murmure, jaririya tana shan nono sosai, kuma hancin gidanmu ta ɗauko.

Yaya, na zaɓi takarda ne don maganar nan ba zan iya yin ta a waya ina jin numfashinki ba. Kin tuna hotunan da na riƙa turo miki bara, da na bi Ruwaida da mijinta Nassim zuwa ƙasarsu, tsibiran Komoro? Kin ce kin nuna wa duk unguwa, har ana cewa Halimatu ta zama Baturiya. To akwai abin kunya a bayan hotunan nan, kuma sai satin da ya wuce na san girmansa.

Kin san a Paris aka ɗaura auren, kuma mahaifiyar Nassim ba ta samu biza ba. Shi ya sa ta aiko a kai mata amarya, kuma lalle uwar amarya ta zo. Mma Nassim suke kiranta, wato uwar Nassim. Ke ma kin san yadda aka rene mu: uwa ba ta tarewa a gidan surukai, ba ta cin abinci a gaban mijin ƴarta. Har Inna ta rasu Malam Nouhou bai taɓa ganin tana tauna ko goro ba. Kwana goma sha biyu a gidan surukai, abin ya tsaya mini a rai. Ana nan sai Odile, abokiyar aikina a kicin ɗin makaranta, ta fiddo mini wata takarda daga intanet: wurare goma da bai kamata baƙo ya bar ƙasar bai gani ba. Na ninke ta na sa a jaka, na ce mafita ta samu. In na fita da sassafe na dawo da magariba, na tsare mutuncina, ban takura wa kowa ba. Har yabon kaina na yi a kan wannan wayo.

Ƙauyensu yana arewacin babban tsibirin, Ngazija. Mma Nassim gajeriya ce mai fara'a, ta rataya mini sarƙar furanni a wuya, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Faransancinta kaɗan ne, sai murmushi muke yi wa juna. Washegari na samu wani dattijo mai taksi a ƙauyen, muka shiga bin takardar Odile. Ya kai ni wani tabki mai gishiri a cikin ramin dutse, ruwansa kore shar. Ya ce wai da can gari ne a wurin, mutanensa suka hana wani baƙo ruwan sha, ƙasa ta haɗiye su. Na girgiza kai na ce Allah ya raba mu da wulaƙanta baƙo. Ko kaɗan ban yi tunanin baƙo ma yana iya wulaƙanta masu gida ba. Na je Shomoni, inda farin yashi yake kwance tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga kukoki a bakin teku irin na hanyar Mirriya. Na shiga kwalekwale, ni ɗin nan da nake tsoron tafkin bayan gidanmu, manyan kifaye suna tsalle kusa da mu ina ta salati ina dariya. Na bi gonakin kanumfari da furen turare har ƙamshi ya kama mayafina. Na ma gwada hawan dutsen nan mai aman wuta, Kartala, na kai tsakiyar daji gwiwa ta ce a nan za ta tsaya.

Ga gaskiyar da ban gaya wa kowa ba sai kwanan nan. Rana ta ɗaya da ta biyu kunya ce ta fitar da ni. Daga ta uku kuwa daɗi ne. Shekara ashirin da bakwai ina Faransa, daga gida sai kicin ɗin makaranta, teku kuwa sai ta tagar jirgi. Ba wanda ya taɓa tambayata ina nake so in je. Na zauna a bakin ruwa na ci gasasshen kifi da hannu a cikin mutanen da ban sani ba, ban ji kunyar kowa ba. Da magariba in dawo in tarar da kwano a rufe a ƙofar ɗakina, in dafa ciki in ce na ƙoshi. Sau biyu Ruwaida ta shigo ta roƙe ni in zauna gida washegari. Na ce mata ita haihuwar Faransa ce, me ta sani game da kunya. Ta juya ta fita.

To wannan karon Mma Nassim ta samu biza, ta riga ni zuwa Lyon. Ta gaishe ni da mutunci, ba yabo ba fallasa. Na shiga kicin na zage, kunun kanwa, farfesun kaza, tuwo da miyar kuka. Kowa ya ci ban da ita. Duk sanda na ajiye mata kwano sai ta dafa ciki ta ce ta ƙoshi. Kwana takwas ana haka, kuma don rashin tunani ban gane hannun wa take kwaikwayo ba. Raina ya ɓaci, na samu Ruwaida tana shayarwa na ce wannan wace irin mata ce mai raina girkin mutane.

A nan ƴar taki ta buɗe mini abin da ta rufe shekara guda. Ashe kullum Mma Nassim tana tashi da asuba ta kankare kwakwa ta ɗora tukunya, don ta raba matan ƙauyen rukuni-rukuni, yau dangin mijinta, gobe ƙawayenta, jibi maƙwabta, kowa da ranar da zai zo ya ci abinci da uwar amarya. Za su shimfiɗa tabarma, su bar wurina a tsakiya, su jira har azahar ta wuce. Ruwaida ta yi ta ƙirƙiro mini uzuri, yau ciwon kai, gobe an tafi neman magani, alhali mai taksin ɗan ƙauyen ne, kowa ya san inda na wuni. Matan suka ce uwar amarya duwatsu ta zo gaisarwa. Har yau in ana maganar Ruwaida a can, ƴar matar da ba ta cin abincinmu ake cewa, kuma can za a kai jaririyar nan ta ga danginta. Nassim bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ni kuwa ina ta yabonsa yaro mai kunya. Sai Ruwaida ta ce, "Mama, ni na riƙa zama a wurinki, ina cin rabonki ina murmushi."

Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na shiga banɗaki na yi kuka. Na kira Malam Nouhou na kwashe duka na gaya masa, ya ce in je in ci abincin matar nan, ba wanda zai mutu.

Ranar Lahadi da rana Mma Nassim ta dafa abin da suke kira mataba, ganyen rogo ne da madarar kwakwa, ana zuba shi a kan shinkafa. Tana zaune da ɗanta a teburin kicin. Na wanke hannu, na ja kujera na zauna ina fuskantar surukina. Ya zabura zai tashi, na ce ya zauna, shi ne tafinta. Na sa ya bayyana mata al'adarmu, sannan na sa ya faɗa mata ɗaya rabin, cewa yawon ya yi mini daɗi har na daina tambayar wa yake jirana. Na miƙa kwano. Na kai lomar farko ina ji kamar Inna tana tsaye a bayana. Mma Nassim ta zuba mini ido har na suɗe kwanon. Sannan ta yi magana a harshensu, Nassim ya sunkuyar da kai.

"Ta ce wannan na ranar farko ne. Saura goma sha ɗaya."

Yau Alhamis zan ci na biyar. Har yanzu ba ta taɓa girkina ba, amma jiya ta ɗaga murfin miyar kuka ta shinshina, ta sa aka tambaye ni ko ganyen itacen nan ne na bakin teku. Jirginta ranar Litinin da safe ne, don haka ko ban tsallake rana ɗaya ba, takwas zan ci, huɗu su rage. Na sa Nassim ya tambaye ta yadda za a yi da su. Ta ce tabarmar tana nan, matan ma suna nan.

Abu biyu nake roƙonki. Ki yafe mini karya abin da Inna ta koya mana, ban ga wata hanya ba. Kuma in ɗan'uwanmu Mamadu zai dawo Paris ki ba shi garin kuka da daddawa masu kyau, da su zan tafi Ngazija in hutu ya zo. Hotunan kuwa ki daina nunawa, ko in kin nuna ki haɗa da wannan labarin.

Ki gaishe da Alhaji Sa'ad, da Kawu Mai Moussa, da Nasiru da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri. Zan tsaya nan, na ji an sauke tukunya, kuma ba zan sake bari a jira ni ba.

Taki ƙanwa,
Halimatu