Takardar da Ta Raba Tariq da Kwalejin Soja

Omdurman, Laraba

Zuwa ga aminina Alhaji Sharafaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Aliya da yara, da masu yi maka aikin gasa bulo a Aljirif. Ni yau da sauƙi. Tarin ya lafa, ƙafafun ne dai ba sa kai ni masallaci sai da sanda.

Na ji takarda ta iso maka daga kwalejin soja, ana neman kuɗin karatu da abinci da kaki na shekara ukun da jikana Tariq ya yi kafin ya bari. Na ji kuma ka sa filinka na bakin kogi a kasuwa, tunda kai ka sa hannu ka tsaya masa lokacin da ni ba ni da takardar gida. An ce ka kira shi butulu a gaban jama'a, bai ce maka komai ba. Shirun nan nasa ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san shekara arba'in na yi a kasuwar Suk al-Arabi ina rubuta wa mutane takardun koke. Mai ciwon kai in mai da shi majinyaci, mai 'ya'ya uku in sa su kuka a kan takarda har ma'aikaci ya tausaya. Sana'ata ce, ban taɓa kiranta ƙarya ba. Bayan rasuwar matata Iya, gidan ya yi mini faɗi, sai na zauna na rubuta wa Tariq irin wannan takardar. Na ce likita ya sallame ni in koma gida in jira ajali, na faɗa masa inda likkafanina yake, na ce ba na so baƙo ya rufe mini ido. Mura kawai nake yi.

Ya nemi izinin zuwa ganina aka hana shi, domin jarrabawa ta kusa. Ya ajiye karatun, saura wata takwas a ɗaura masa tauraro. Ranar da ya iso da jakarsa, a ƙofar gida ya same ni ina shan shayi da maƙwabta, ina dariya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jikina. Har yau bai ƙara kalma a kan maganar ba.

Na haɗo maka da kwafin takardar, ka san ba na rubutu ban ajiye kwafi ba. Karanta, ka ga abin da ya ci filinka. Ba ni da abin biyanka sai fanka, akwatin littattafaina, da ɗan abin da nake tarawa na aikin Hajji, wanda bai kai rubu'in bashin ba. Aiko a ɗauka. In kuma kana neman wanda za ka kira butulu, ga ni.

Na aika masa saƙo can garin Bahri, inda yake dako a wata masana'anta, cewa ya zo ranar Juma'a. Ina so in roƙe shi gafara da bakina.

Allah Ya bar zumunci.

Naka,
Lawal

Ƙari, Asabar: Sai yau na sami mai kawo maka wasiƙar. Jiya na sa an dafa wake yadda yake so, na zauna a ƙofa tun saukowa daga masallaci. Bayan la'asar na ɗauko takarda in sake rubuta masa, sai na ga hannuna ya fara da “jikina ya tsananta”. Na yaga ta. Har aka kira magariba Tariq bai zo ba.